Faci a kan faci: Yadda za a gano abin da ke yawan huda tiyub ɗin keke

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin zirga-zirga ya sauya a birnin Kano. Cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kuma zuwa watan Oktoban 2024 ta haye naira 1,000. Achaɓa dama an hana ta a Kano tun watan Janairun 2013, a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, kuɗin Adaidaita Sahu kuma ya bi sahun kuɗin mai. Saboda haka keken da aka jingine a zaure shekara da shekaru ya sake fitowa titi.

Ga mazaunin Yakasai, keke abin hawa ne da ya dace da unguwa. Yana ratsa lungun da mota ba ta shiga, kuma daga nan zuwa Kasuwar Rimi, ko Asibitin Murtala, ko Kantin Kwari ta Ƙofar Mata, ko Sakatariyar Audu Baƙo ta Ƙofar Nassarawa, tafiya ce ta 'yan mintuna. Sai dai akwai abin da ke karya gwiwar sabon mahayi: a yi faci yau, jibi a wayi gari taya ta kwanta. Wanda ya sayi keke don ya huta da kuɗin mota sai ya koma zuba kuɗin a wurin mai faci, ga makara a wurin aiki ko makaranta.

Yawancin mutane kan jingina wannan ga tsautsayi, ko su ce tiyub ɗin yanzu ba shi da kyau. Wani lokaci haka ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Idan taya ɗaya ta sace sau biyu ko uku cikin ɗan lokaci, akwai dalili, kuma hujin da ke jikin tiyub shi ne shaidar da za ta nuna shi. Wannan bayani ya tattaro hanyar karanta wannan shaida.

Sassa huɗu da ya kamata a sani

Ƙafar keke ta ƙunshi abubuwa huɗu da wannan magana ta shafa. Akwai rim, wato zagayayyen ƙarfen da wayoyi ke riƙe da shi. Akwai siririyar roba ko ƙyalle da ake shimfiɗawa a cikin rim domin rufe kawunan wayoyin. Akwai tiyub, wanda shi ke riƙe iska. Sai taya, wadda ta rufe tiyub kuma take taka ƙasa.

Tiyub ba shi da ƙarfin kansa. Idan aka hura shi a waje zai yi ta kumbura har ya fashe. Taya da rim ne ke tsare shi ta kowane gefe. Ma'anar wannan ita ce duk wani aibi da ke jikin taya ko rim, a jikin tiyub zai bayyana. Shi ya sa sauya tiyub ba tare da duba abin da ya kewaye shi ba, sau da yawa asarar kuɗi ce kawai.

Mataki na farko: kada a ɓata shaida

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fizge tiyub, a nemo huji, a liƙe, a mayar. Ga yadda ya kamata:

1. Kafin a cire komai, a sa alama da alli ko biro a jikin taya daidai inda bawul yake.
2. A zaro tiyub a hankali, a lura da ɓangaren da ke dama da na hagu, kada a juya shi.
3. A hura masa iska, a saurara, ko a nutsa shi cikin ruwa a ga inda kumfa ke fita. A zagaye shi gaba ɗaya, domin huji na iya fin ɗaya.
4. A zagaye hujin da biro.
5. A ɗora tiyub a kan taya, bawul a kan alamar da aka yi. Inda hujin ya faɗo, nan ne za a bincika a jikin taya da rim.

Daga nan sai a amsa tambayoyi biyu: a wane ɓangare hujin yake, kuma yaya kamanninsa?

Ƙaramin huji a bayan tiyub, ɓangaren da ke kallon titi

Wannan aikin abu mai tsini ne: ƙusa, ɓarɓashin kwalba, ƙaya, ko siririyar wayar da ke fita daga tsohuwar tayar mota. Idan aka ga faci biyu ko uku sun taru a wuri guda, ko nisansu daga bawul ɗaya ne, to abin da ya yi hujin yana nan maƙale cikin taya. Irin wannan tsini kan ɓuya cikin roba, ba ya leƙowa sai nauyi ya danne shi.

A juya taya ciki waje, a lanƙwasa wurin a gaban haske. A shafa cikinta da auduga ko tsohon ƙyalle, domin zare zai maƙale a kan tsinin da ido bai gani ba, kuma hakan ya fi sa yatsa, wanda gilashi ke iya yankawa. A cire abin da allura ko hantsaki.

Masu bin hanyoyin bayan gari da gefen gonaki su lura da tsidau. Wannan ciyawa mai yaɗo tana fitar da 'ya'ya masu ƙaya masu tauri, kuma idan sun bushe bayan damina sukan huda siririyar taya cikin sauƙi. Sau da yawa jikin ƙwayar kan karye ya faɗi, tsinin ya zauna a ciki.

Huji a cikin tiyub, ɓangaren da ke kallon rim

Babu abin da ke kan titi da zai iya kaiwa nan. Laifin na rim ne. Ko dai robar shimfiɗa ta goce, ko ta tsage, ko babu ita sam, ko kuma wata waya ta yi tsawo ta leƙo. Wannan kan faru bayan an kai ƙafa gyara an ɗaure wayoyi, ko an sauya wadda ta karye da wadda ta fi ta tsawo. Tsatsa ma na yin haka a rim ɗin ƙarfe, musamman bayan damina, lokacin da ruwa ke shiga ya kwanta.

A keken tsere na zamani, rim ɗin kan zo da rufi biyu, da ramuka masu kaifin baki a saman kowace waya. Irin wannan yana buƙatar shimfiɗa mai tauri da ba ta miƙewa. Idan aka yanka tsohon tiyub aka shimfiɗa, kamar yadda ake yi wa keken gargajiya, ƙarfin iska zai tura robar cikin ramin, tiyub ya bi ta, bakin ramin ya yanke shi. Maganin shi ne a goge kan wayar da ta leƙo, a kankare tsatsa, a sa shimfiɗar da faɗinta ya cika cikin rim.

Tsaga biyu a jere, kamar saran maciji

Wannan na faruwa ne idan taya ta daki bakin rami, ko gefen kwalbati, ko dutse, ta lotse har rim ya matse tiyub. Gefuna biyu na rim su ne ke barin tsaga biyu. Wani lokaci tsaga ɗaya ce kawai ke fitowa, a gefen tiyub.

Dalilin kusan kullum ƙarancin iska ne, ko kaya fiye da ƙima. Yana yawan samun ƙafar baya, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, balle idan an ɗora buhu, ko jarkokin ruwa, ko goyo a kariya. A lungunan cikin gari, inda ake yawan hawa da sauka a kan murfin kwata da dakalin ƙofar gida, wannan shi ne hujin da siririyar taya ta fi gamuwa da shi.

Kowace taya tana ɗauke da adadin iskar da ta dace da ita a rubuce a gefenta. Siririyar tayar keken tsere mai faɗin milimita 25 kan buƙaci tsakanin psi 80 zuwa 100, alhali tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce 35 ba. Saboda haka wanda ya saba da mota zai iya ganin iska ta isa tun ba a kai rabi ba. Danna taya da babban yatsa ba awo ba ne. Kuma tiyub, ko lafiyarsa ƙalau, yana rage iska a hankali ta jikin robar. Siririyar taya na son a duba ta duk bayan kwana biyu ko uku, mai faɗi kuma sau ɗaya a mako. Idan rami ya zo ba makawa, a rage gudu, a ɗaga jiki daga sirdi.

Yagewa a gindin bawul

Wannan huji ba ya facuwa yadda ya kamata, don haka gane dalilinsa ya fi muhimmanci. Idan ana hawa da ƙarancin iska, taya kan riƙa zamewa kaɗan-kaɗan a kan rim duk lokacin da aka taka birki, tana jan tiyub, alhali bawul yana tsaye a raminsa. Alamar ita ce a ga bawul ya karkace. Da zarar an ga haka, a sace iskar a daidaita shi.

Sauran dalilan su ne ɗaure ƙaramin goron da ke kan bawul da ƙarfi tun ba a hura iska ba, da girgiza bawul yayin bugun famfon hannu, da ramin rim mai kaifin baki.

Akwai kuma rashin dacewa. Bawul iri uku ne a kasuwa: Dunlop, wanda aka saba gani a keken gargajiya, Schrader, irin na mota da babur, da Presta, siriri, na keken tsere. Kaurin Presta milimita 6 ne, na Schrader kuwa milimita 8. Idan aka sa Presta a ramin da aka huda don Schrader, za a bar sarari, tiyub ya kutsa ciki ya yanke.

Doguwar yagewa bayan ƙara mai ƙarfi

Idan tiyub ya fashe da ƙara, ya bar doguwar tsaga ko yagewa mai rassa, to ya sami hanyar fita daga cikin taya ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko dai an matse shi tsakanin bakin taya da rim wajen haɗawa, ko gefen taya ya tsage, ko wayar da ke bakin taya ta tsinke.

A duba birki ma. Idan robar birki ta hau sama tana gogar gefen taya maimakon rim, za ta cinye shi a zagaye har tiyub ya leƙo. Tayar da zarenta ya bayyana, ko ta yi ƙullutu, ta gama aiki. Ana iya sa ɗan yankin tsohuwar taya daga ciki don a isa gida, amma wannan ba gyara ba ne. Fashewar tayar gaba a tsakiyar cunkoson Ƙofar Mata, tsakanin Adaidaita Sahu da motoci, magana ce ta rai.

Iska na fita, amma babu huji

A tuhumi bawul. A shafa ɗan ruwan sabulu a bakinsa a ga ko zai yi kumfa. A tsohon samfurin Dunlop akwai 'yar siririyar roba da ke lulluɓe da ƙarfen ciki, wadda zafi ke busarwa har ta tsage. Sauya ta ya fi kowane gyara araha, amma sau da yawa akan sayi sabon tiyub saboda ita. A Schrader, cibiyar ciki ce ke kwancewa, sai a ɗaure. A Presta, ɗan kan da ake murzawa ne ake mantawa a buɗe, ko ya lanƙwashe.

Tsohon faci ne ke yoyo

Idan kumfa na fita daga gefen faci, aikin ne bai yi kyau ba. Faci mai ɗorewa yana da sharuɗɗa: a goge wurin da takardar yashi fiye da faɗin facin, a shafa sholisho siriri, a jira kamar minti biyar har ya daina ƙyalli, sannan a ɗora faci a danne sosai. Gaggawar ɗorawa a kan ɗanyen sholisho ita ce ke kashe yawancin faci. Facin wuta da ake yi wa tiyub ɗin mota da babur na iya ƙona siririn tiyub ɗin keke idan zafi ya yi yawa. Faci a kan faci, ko a dab da bawul, ba ya daɗewa.

Lambar da ke gefen taya

Kekunan da ke yawo a Kano daga wurare daban-daban suke: tsofaffin Raleigh, Phoenix na ƙasar Sin, Hero da Avon na Indiya, da na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Asiya. Awonsu ba ɗaya ba ne, kuma lissafin inci yana ruɗarwa. Abin dogaro shi ne lamba mai kashi biyu da ke gefen taya, kamar 25-622 ko 40-635. Kashin farko faɗin taya ne, na biyu kuma faɗin da'irar rim, duka a milimita.

Keken gargajiya mai inci 28, wato 28 x 1½, lambarsa 635. Keken tsere na zamani, mai alamar 700C, lambarsa 622, duk da cewa shi ma wani lokaci akan rubuta masa inci 28. Tsohon keken tsere mai inci 27 lambarsa 630, wato ya fi 700C girma. Keken hawan tudu mai inci 26 lambarsa 559, amma akwai wani inci 26 ɗin mai lamba 590.

Tiyub ɗin da ya yi girma zai naɗe a ciki, kuma wurin naɗin ne zai goge ya huje. Wanda ya yi ƙanƙanta zai miƙe ya yi siriri. Tayar da ba ta dace da rim ba kuwa tana iya tsalle ta fita. Wanda zai je Sabon Gari sayayya ya rubuta lambar, ko ya ɗauki hotonta a waya, ko ya tafi da tsohon.

Yadda ake haɗawa

Huji da yawa a wurin gyara ake yin su. A sa wa tiyub 'yar iska kaɗan don ya ɗauki siffarsa. A fara zura bawul a miƙe. A mayar da taya da hannu, ba da sukundireba ko bakin cokali ba. Kafin a cika iska, a bi gefen taya a zagaye, ta ɓangarorin biyu, ana matsawa ana leƙawa, a tabbatar tiyub bai maƙale ba. A hura rabi, a juya ƙafar a ga taya ta zauna daidai, sannan a cika. Yana da kyau a saba daidaita tambarin taya da bawul, domin gobe a san inda za a duba.

Zafin Kano

A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. Duk ƙarin digiri 10 na ƙara matsin iskar taya da kimanin kashi 3 cikin 100. Wannan shi kaɗai ba zai fasa lafiyayyar taya ba, amma yana ƙarasa wadda ta tsufa ko aka cika fiye da ƙima. Babbar ɓarnar rana ita ce busar da roba. A jingine keke a inuwa, kuma wajen sayen tiyub a miƙa shi kaɗan a duba: idan ƙananan tsagogi sun bayyana, ya daɗe a ajiye.

Abin da ya fi ƙarfin mahayi

Akwai ɓangaren wannan matsala da ba ya gyaruwa da sifana. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a Legas a 2008. Kano kanta ta taɓa samun masana'antar haɗa kekunan Raleigh, wadda yanzu sai labari. Yau kayan keke galibi daga waje suke zuwa, don haka farashinsu na bin dala. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Idan kaya ya yi tsada, mai saye kan koma ga mafi araha, kuma araha ba ta ado. Tabbatar da ingancin kayan da ke shigowa aikin hukumar SON ne.

Haka ma titi. Ramin da ke matse tiyub yana da hukumar da ke da alhakinsa: KARMA a titunan jiha, FERMA a na tarayya. Kwalba da ƙusar da ke taruwa a gefen hanya, inda mai keke ke bi dole, sun shiga hurumin REMASAB, sun kuma shiga hurumin mazauna unguwa da masu sana'ar da ke zubar da su. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi kira ga 'yan Najeriya su rungumi keke, har mota ta ture shi a Abuja yana kan nasa. Fiye da shekara ashirin bayan nan, matsin tattalin arziki ya yi abin da kiran minista bai yi ba, amma mai keke har yanzu gefen titi yake rabawa da shara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma rana ce da ta dace a tambayi kansila da ɗan majalisa abin da aka tanadar wa masu wannan abin hawa.

A taƙaice

- Huji a waje: a nemi tsini a cikin taya.
- Huji a ciki: a duba shimfiɗar rim da kawunan wayoyi.
- Tsaga biyu: a ƙara iska, a rage kaya.
- Gindin bawul: a daidaita shi, a duba ramin rim.
- Doguwar yagewa: a duba taya, da birki, da yadda aka haɗa.
- Babu huji: a gwada bawul.
- Gefen faci: a sake shi da haƙuri, ko a sauya tiyub.

Mai faci da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba idan aka ce masa, "Malam, don Allah mu ga inda hujin yake kafin a liƙe." Minti biyar ɗin da za a ɓata a nan su ne ke hana dawowa jibi.